Maus Ɗin Hannun Dama

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku yi haƙuri in riga ku. Duk sunan da za ku kira ni da shi na riga na kira kaina, kuma na fi ku sanin inda yake da zafi.

Ga wanda yau ne ya fara cin karo da ni, sunana Ameera. Ina aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya a nan Abuja, irin hukumar da ko an rufe ta babu mai lura sai matar da ke sayar mana da shinkafa a bakin get. Ina zaune da mahaifina a Karu tun da Mama ta rasu. Maza biyu ne a labarina. Akwai Hanif, mai haɗa kiɗa a wani ɗan situdiyo a Jikwoyi, shi nake so. Akwai Badaru, mataimakin darakta a wata ma'aikata, shi na ce wa to. Ranar Asabar mai zuwa manyansa za su zo gaisuwa wurin Baba.

Babu wanda ya tilasta ni. Ku riƙe wannan da kyau, don da tilasta ni aka yi da na samu wanda zan ɗora wa laifi. Ni na zauna na dubi Badaru, na dubi gidansa na Gwarinpa, na dubi yadda Baba ke sakin fuska in ya yi sallama, na ce to. Abu ɗaya ya rage. Har safiyar ranar da zan ba ku labarinta, Hanif bai sani ba.

Ina ɗaura ɗankwali a gaban madubi Gwaggo Rakiya ta shigo. Ƙanwar Baba ce, ta zo daga Zariya don shirin Asabar, ta kuma mayar da gadon Mama shagon atamfa: ga leshi ruwan zuma da aka ce shi zan sa, ga shaddar Baba da aka karɓo daga wurin maɗinki, ga mayafai har kan matashi.

"Ke, juyo in gani. Da wannan baƙar abayar za ki ofis? Kamar mai zuwa ta'aziyya."

"Gwaggo, ofis ɗin namu da gidan ta'aziyya ai duk ɗaya ne."

"Bakinki dai. Mai kiɗan nan fa? Kin sallame shi?"

"Yau."

"Jiya ma yau kika ce."

"Yau ɗin gaske, Gwaggo."

"To. Ni dai kar muna tsakiyar karɓar baƙi in ji ganga a ƙofar gida."

Hanif bai taɓa rataya ganga ba a rayuwarsa, amma wa zai tsaya yi wa Gwaggo bayanin kwamfuta? A wurinta duk wanda sauti ke ciyar da shi maroƙi ne, ko da yake waƙoƙin bikin da take kunnawa a waya tana tsintar wake, da yawansu ta hannunsa suka bi.

Baba yana falo a gaban tsohuwar kwamfutarsa, yana buga littafinsa da yatsu biyu. Tun da ya yi ritaya yake rubuta yadda aka kashe aikin gwamnati a ƙasar nan, littafin da shi kansa ya san babu mai buga masa. Na durƙusa na gaishe shi.

"A dawo lafiya, Mamana," ya ce, bai ɗago ba. "In kin yi sa'a kin haɗu da aikin, ki ce ina gaishe shi."

Yanzu bari in ba ku zancen hannu, don a kansa komai ya rataya.

Mutane sun ɗauka mai haɗa kiɗa rawa yake yi duk yini. Zama ne, irin na masu ɗinkin hula. Mawaƙi ya zo ya rera waƙar amarya ya kama gabansa, Hanif ya zauna a gaban allo da maus, ɗan linzamin nan na kwamfuta, a hannu. Ya yanke numfashin da ya yi ƙara, ya jawo kalangu ya dasa shi daidai kan ganga, ya ɗaga murya a nan ya sauke ta a can. Yana gamawa uwar amarya ta kira ta ce an ambaci ƙanwarta kafin ita, sai ya koma ya yanka ya liƙa. Danna, ja, saki. Danna, ja, saki. Shekara da shekaru, har wuyan hannunsa na dama ya ƙi. Da farko yatsun ne ke mutuwa, daga baya kofin shayi ya fara suɓuce masa. Ni na raka shi asibiti. Da kunnena na ji likita ta ce ya ɗaure hannun ya hutar da shi gaba ɗaya, in ba haka ba sai an yi masa aiki, kuma ko an yi ba ta ɗaukar masa alkawarin yatsun za su dawo yadda suke.

Sai ya koma aiki da hagu. Ku gwada sa kwalli da hannun da ba ku saba ba, za ku gane. Waƙar da yake gamawa kafin azahar ta koma kwana a hannunsa. Ga shi lokacin bukukuwa ne, mai biki kuwa ba ya ɗaga ranarsa don hannun wani. Wasu har sun fara kwashe aikinsu suna kaiwa wani situdiyo a Nyanya.

Ya yi ta bincike, ya dinga turo mini hotuna a waya kamar mai zaɓen mota.

"Wannan na tsaye ne, ana riƙe shi kamar za a gaisa. Amma hannu ɗaya ake ƙera wa kowanne. Na dama ya cika kasuwa, na hagu da wuya."

"Wannan allo ne da alƙalami. Na masu zane ne. Ni da hagu ko sunana ban iya rubutawa ba."

"Wannan shi ne mutumina. Mai ƙwallo a sama. Ba a jan sa, yana zaune wuri guda, yatsu kawai ke juya ƙwallon. Dama da hagu duk ɗaya ne a wurinsa. Maɓallan gefe in sa wa ɗaya yanka, ɗaya kwafa, ɗaya koma-baya in na yi ɓarna. Zoben da ya kewaye ƙwallon kuma in riƙa yawo da shi cikin waƙa. Meera, da wannan gudu zan koma yi."

Na rubuta masa: "Bar mini. Ni zan sayo."

"Haba, ranki ya daɗe, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba."

Ita ce gaskiya ɗaya tilo da na faɗa masa a makon nan. A nufina kyautar sallama ce. Na tsara abin tsaf: in miƙa masa, in ga murnarsa, sannan in faɗa masa zancen Asabar, in tafi in bar shi da abin riƙewa. Mutum in zai ji maka ciwo yakan so ya zo da auduga a jaka, don ya koma gida yana ganin kansa mai kirki.

Da azahar na fito bakin get ina neman tasi zuwa Wuse, sai ga baƙar motar Badaru ta tsaya a gabana. Ya sauke gilas, turarensa ya riga sallamarsa fitowa. Farar shadda, hula ta zauna daram, zoben azurfa a ɗan yatsa.

"Hajiya Ameera, ina zuwa da rana tsaka? Ni da na zo in kai ki cin abinci."

"Ɗan aike zan yi, Yaya. Filazar masu kwamfuta zan leƙa."

"Shigo mana. Me za a saya?"

"Maus."

"Na ofis? Ai su ya kamata su ba ki."

"A'a. Na Baba ne."

Ban shirya ƙaryar ba, a bakina na tsince ta. Kuma tana fita na san na zaɓi mafi muni, don fuskarsa ta washe kamar an ce masa an ƙara masa girma.

Ku fahimci Badaru. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutum ne da in ka ce kana jin ƙishirwa zai haƙa maka rijiya, ya zaɓi wurin, ya zaɓi guga, ba zai tambaye ka ko shayi kake nufi ba. Tun da ya fara zuwa gidanmu yake neman abin da zai yi wa Baba, Baba kuwa ba ya karɓar komai daga hannunsa sai jarida. Yau ga ƙofa na buɗe masa da kaina.

Shagon yana hawa na biyu, cike da kwalaye har rufi. Mai shagon wata 'yar Kafanchan ce, Kindness, mai kitson zare da tabarau a goshi, mai irin Hausar Abujan nan da ba ruwanta da mace ko namiji.

"Oga, sannu da zuwa! Madam, shigo, akwai sanyi a ciki. Laptop ne? Waya? Sabon kaya ya shigo."

Tun daga ƙofa na hango shi a cikin gilas. Baƙi, da jan ƙwallo a sama kamar nunannen tumatir, sak hoton da ke cikin wayata.

"Wancan mai ƙwallon nake so."

Ta ɗauko ta jona shi da kwamfutar da ke kan kanta. "Madam ya san kaya. Wannan masu situdiyo ne yake saya, masu yin kiɗa."

Na kafe ido a kan ƙwallon kamar ni ma yau na fara jin zancen.

"Masu kiɗa?" Badaru ya yi dariya. "Alhaji littafi yake rubutawa, ba kalangu ba." Ya ɗora yatsu ya murza, kibiyar ta tsere ta maƙale a kusurwar allo. Ya sake murzawa, ta tsere ɗaya kusurwar. "Kai, wannan ai sai ya tayar wa dattijo da hawan jini. Ba ki da na manya?"

"Yaya, ana sabawa da shi," na ce. "An ce yana da sauri."

"Ina Baba zai je da sauri? Mutumin da ya yi ritaya."

Kindness ta riga ta sauko da wani kwali. Na tsaye ne, mai tudu kamar tururuwa ta yi gini. Badaru ya kama shi. Hannunsa babba ne, mai kauri, hannun maƙeri da aka ba wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi biro ba. Maus ɗin ya shige tafinsa kamar da shi aka haife shi.

"Ka ji abu! Kamar kana gaisawa da mutum. Wannan shi ne na Alhaji."

"Akwai babba akwai ƙarami," in ji Kindness. "Hannun Oga da na Baba ɗaya ne?"

"Kusan ɗaya. Ko ba haka ba, Ameera?"

Hannun Hanif siriri ne, dogayen yatsu, da ɗan tabon ƙuna a gindin babban yatsa. Na san shi kamar yadda na san hanyar gidanmu, ban kuwa taɓa riƙe shi ba. Na tsaya ina kallon ana auna masa kyauta a hannun wani.

"Kusan ɗaya," na ce.

"To na dama ko na hagu? Na hagu guda ɗaya ne a shago, mutane ba ya tambaya."

Kun ji? Har na hagun yana nan. Abin da Hanif ya ce da wuya a samu, ga shi a saman kanta, ƙura ta kwanta a kan kwalin.

Badaru ya tuntsire da dariya. "Alhaji da hagu? Mutumin da ranar da na fara zuwa gidansa na miƙa masa jarida da hagu, don damata tana riƙe da waya, ya tsaya yana kallon hannun nan bai ce uffan ba har sai da na sauya? Ba mu na dama, 'yar'uwa."

Kalma ɗaya ce. Hagu. Na ji ta ta zo har kan harshena. Na yi tunanin in ce kafaɗar Baba ta dama ke ciwo, sai na hango Badaru ya zaro waya a nan take yana yi wa Baba sannu, gobe ya turo likita har gida. Na haɗiye kalmar. Ta wuce da ƙyar.

Kindness ta yage ledar sabon kwali ta gwada shi a gabanmu. "In an buɗe ba a dawowa da shi fa, Madam." Badaru ya miƙa katinsa kafin in buɗe jaka, ya kuma karɓi lambarta wai saboda kayan ofis. Tana ƙulle ledar tana cewa, "Allah ya bar ku tare. Namiji da yake son baban mace, ba matsala."

A mota ya ce zai zo ya haɗa wa Baba da kansa.

"Bari ni in ba shi, Yaya. Ka san shi da kyauta."

"To, amma ki ce daga ni da ke."

Muka ci abinci a wani wuri mai sanyi. Ya yi ta ba ni labarin kawunsa da zai jagoranci masu zuwa gaisuwa. Ban san me na ci ba.

Na san abin da kuke cewa yanzu. Filazar ba gudu ta yi ba. Da ya ajiye ni a ofis zan iya komawa, in ba shagon Kindness ba to na kusa da ita, in sayi mai ƙwallo, in kai wa Baba na tsayen, kowa ya kwana lafiya. Na yi wannan tunanin, har na miƙe. Na gaya wa kaina goslon Nyanya zai kama ni. Na gaya wa kaina Kindness za ta gan ni. Duk ƙarya ne. Abin da na so shi ne kwalin nan ya yi maganar da bakina ya kasa. Hanif ya buɗe, ya ga na dama, ya dube ni ya ce, ke da kika raka ni asibiti? Wa ya zaɓa? Daga nan amsa kawai zan bayar. Ba ni zan fara ba. Har a wurin faɗin gaskiya wanda zai ɗaukar mini kayan nake nema.

Na sulale daga ofis kafin a tashi. Tasi ya kai ni Nyanya, na shiga Keke zuwa Jikwoyi, ledar a kan cinyata.

Situdiyon Hanif shago ne guda, tsakanin wani maɗinki da wata ƙaramar coci da mawaƙanta ke zuwa ɗaukar murya a wurinsa. Ya liƙe bangon da soso, ƙofar mai kauri ce da ɗan gilas a tsakiya, in an rufe ta ko janareton maƙwabta ba a ji. Na same shi a kan kujera, baƙar riga, hannun dama a naɗe da bandeji yana kwance a cinya, hagu tana fama da tsohon maus. Layi ɗaya na wata waƙar amarya ke ta maimaita kansa a sifika.

"Meera! Shigo ki cece ni. Tun safe nake son in matsar da sunan wata Hajiya Batulu, ta ƙi matsawa. Ko a waƙa ma nauyi gare ta."

"Sannu da aiki. Ya hannun?"

"Yana hutu kamar ma'aikacin gwamnati. Au, yi haƙuri."

Na yi dariyar da ta kamata. Na ajiye ledar a kan teburin.

Ya danne kwalin da gwiwar hannu ya buɗe da hagu, yana murmushi tun kafin ya gani. Ya zaro shi. Ya juya shi. Na ga idonsa ya bi tudun, ya bi ramin da aka yi wa babban yatsa, ya gane wane gefe ramin yake. Murmushin ya tsaya wuri ɗaya. Yanzu zai tambaya. Har na shirya yadda zan sunkuyar da kai.

"Na tsaye," ya ce a hankali. "Wato mai ƙwallon ya ƙare."

Na bar shi ya ci gaba.

"Na san za a sha wahalar samunsa. Kin yi ta yawo cikin ranar nan, ko? Sannu, Meera."

Kun ga irin mutumin? Na kawo masa tarkon da zai kama ni, shi kuma ya ƙera mini ƙarya da kansa ya miƙo mini.

"Ai an ce wannan ma yana hutar da wuyan hannu," ya ci gaba. "Hannu ba ya kifewa, a tsaye yake. Wa ya sani, ƙila ma shi ne maganin."

"Hanif, likita ta ce..."

"Likita ba ta ga wannan ba."

Ya sa haƙori ya cire ƙugiyar bandejin, ya fara warwarewa. Fatar da ke ƙasa ta yi fari, ta yi layi-layi. Ya jona maus ɗin, ya ɗora hannun. Ya yi masa yawa. Sai da ya miƙe yatsu kafin su kai ga maɓallan, tafinsa yana lilo a inda na Badaru ya cika.

Amma hannun dama hannun dama ne. Ya tuna aikinsa. Kibiyar ta tashi, ya yanki Hajiya Batulu, ya ja ta ya dasa a bayan uwar ango, ya share wani tari, ya jawo kalangu, ya saki waƙar ta zubo sumul. Abin da ya ci masa yini ya gama shi kafin in gyara mayafina.

"Kin gani? Kin gani! Na dawo!"

Yana dariya, ni kuwa muƙamuƙinsa nake kallo. Duk dannawa sai ya ɗan cije. Gumi ya tsattsafo a saman leɓensa. Ƙaramin yatsansa yana rawa shi kaɗai a gefen maus ɗin, kamar ba na jikinsa ba. Ya buɗe wata waƙar.

"Bari in gwada miki da ta 'yan cocin nan, muryoyi sun yi yawa a..."

Na kai hannu na dafe maus ɗin ta sama. Yatsuna suka sauka a kan nasa. Shi ne karo na farko da na taɓa hannunsa, kuma ga dalilin da ya kawo shi.

"Mai ƙwallon bai ƙare ba," na ce. "Yana nan. Har na hagu akwai."

Ya dube ni.

"Ba hannunka aka auna ba."

Ya kai hagu ya kashe sifikar. Ɗakin nan in ya yi shiru har bugun jininka kake ji.

"Hannun wa?"

Na faɗa masa. Duka. Sunan Badaru, motar, ƙaryar da na yi da sunan Baba, katin da aka miƙa, leshi ruwan zuma a kan gadon Mama, Asabar. Ban yi kuka ba, don ko kukan ji na yi kamar wata audugar ce. Na kuma gaya masa babu wanda ya tilasta ni, don na ga yana shirin ƙera mini wannan ƙaryar ita ma.

Bai katse ni ba. Da na gama ya sauke ido a kan maus ɗin, ya buɗe yatsunsa ya rufe a kansa, yana auna wurin da ya rage.

"Hannunsa babba ne," ya ce.

"Hanif..."

"Wannan Asabar ɗin?"

"Eh."

"Tun yaushe kika amsa?"

"Tun kafin mu je asibiti."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai sauraron waƙa ya gano inda kiɗan ya kauce. "Shi ya sa kika dage sai kin raka ni."

Na so in ce ba haka ba ne. Na duba cikina ban sami tabbacin ba.

"Ba ni shi in tafi da shi," na ce. "Gobe zan kawo maka mai ƙwallon. Don Allah ka ɗaure hannunka."

"A'a."

"Zai nakasa ka."

"Kyauta ce aka ba ni. Ki ce masa na gode, ya iya zaɓe." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi. "Kar ki kawo komai gobe. Masu biki suna jira, Ameera. Kowa da Asabar ɗinsa."

Tun da muke bai taɓa kiran cikakken sunana ba. Ya juya ya fuskanci allo, ya ɗora babban abin sauraron kiɗansa a kunne. Bandejin yana ƙasa kusa da ƙafar kujera. Na ɗauka na ninke na ajiye a gefen teburin. Bai kalla ba.

Na fito na ja ƙofar. Rana ta yi sanyi, maɗinkin yana taka kekensa, wata mata tana soya awara a bakin hanya, duniya ba ta san an yi komai ba. Na leƙa ta ɗan gilashin. Ba na jin komai, amma ina gani. Hannun yana kan maus ɗin. Danna, ja, saki. Yakan tsaya ya yarfa shi, ya mayar.

Wayata ta yi motsi a jaka. Badaru.

"Hajiyata, an tashe mu da wuri. Ina hanyar Karu in haɗa wa Baba maus ɗinsa da kaina, na kasa haƙuri. Kar ki gaya masa, ba-zata zan yi masa. Kin isa gida da shi?"

Na karanta, na sake karantawa. Daga Jikwoyi zuwa Karu ba nisa, in na samu Keke yanzu zan iya riga shi. Amma ba zan iya shiga gida hannu rabbana ba. Abin da zai rufa mini asiri a gaban Baba da Gwaggo yana bayan ƙofar nan, ƙarƙashin hannun da yake kashewa.

In na shiga na ƙwace shi, na ceci yatsun Hanif. In na shiga na ƙwace shi, na ceci Asabar ɗina. Aiki ɗaya ne, kuma yana ɗago kai zai san wanne ya dawo da ni, tun kafin ni in sani.

Na ɗaga hannu na ƙwanƙwasa gilashin.